Auna Rajistar Masu Zaɓe: Daga Takarda zuwa Zaure

Rajistar masu zaɓe ita ce kundin da ke ɗauke da sunan duk wanda doka ta amince ya jefa ƙuri'a, tare da hotonsa, shekarunsa, sana'arsa, inda yake zaune da rumfar da zai yi zaɓe. A Najeriya, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ce ke haɗa ta kuma take adana ta. Wanda sunansa ba ya ciki ba shi da ƙuri'a, ko da a bakin rumfar aka binne cibiyarsa. A zaɓen 2023 kundin ƙasa baki ɗaya yana da sunaye 93,469,008, kuma 1,926,870 daga ciki na Jihar Zamfara ne, a ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne yawan sunayen da aka rubuta. Nawa ne cikin masu sunayen ke raye, nawa ne ke zaune a inda aka rubuta su, nawa ne kuma suka cancanta amma ba a taɓa rubuta su ba, duk wannan sai an auna kafin a sani.

Ma'auni biyu ake amfani da su, kuma kowanne da tambayarsa. Na farko shi ne sahihanci: cikin sunayen da ke rubuce, kashi nawa ne na mutanen gaske, rayayyu, 'yan ƙasa, da suka cika shekara 18, waɗanda aka rubuta sau ɗaya a wurin da suke zaune? Na biyu shi ne cika: cikin mutanen da suka cancanci zaɓe a wuri, kashi nawa ne sunansu ya shiga? Rajista tana iya zama sahihiya amma ta bar rabin gari a waje. Tana kuma iya ɗauke kowa da kowa, har da waɗanda suka daɗe a kabari.

Misali na lissafi zai fito da bambancin. A ɗauka wata rumfa a ƙauye irin Abare, a ƙaramar hukumar Anka, tana da sunaye 500. Da aka bi diddigi sai aka tarar mutum 40 sun rasu, 70 sun bar garin, sunaye 10 kuma maimaici ne. Saura 380, wato sahihancin rajistar kashi 76 cikin ɗari ne. Sai aka bi gida gida aka ƙirga manyan da ke zaune a yankin rumfar, aka samu 480, cikinsu waɗancan 380 ne kaɗai ke da rajista a wurin. Cikarta ke nan ta zama kashi 79 cikin ɗari. Amma wanda ya zauna a ofis a Gusau ya kwatanta 500 da 480 zai ce kowa ya yi rajista har da rara. Matattu da waɗanda suka tashi sun cike gurbin mutum 100 da ba a rubuta ba, kuskure ya rufa wa kuskure asiri. Saboda haka jimillar sunaye ita kaɗai ba ta isa hujja ba, ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan.

Wannan awo yana da tasiri har a kan sakamakon zaɓe. An ce kimanin kashi 27 cikin ɗari ne na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mafi ƙanƙanta tun 1999. A zaɓen gwamnan Zamfara na watan Maris na shekarar, Dauda Lawal ya samu ƙuri'a 377,726, Bello Matawalle 311,976; idan aka haɗa su, kusan kashi 36 cikin ɗari ne na masu rajistar jihar. Sau da yawa akan fassara irin waɗannan alƙaluma da cewa jama'a sun yanke ƙauna daga siyasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai idan akwai matattu da yawa a cikin adadin da aka raba da shi, to an ɗora wa rayayyu laifin rashin fitowar mamata. Akwai kuma ƙa'idar tazarar ƙuri'a. Idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe na rumfunan da aka soke ko aka kasa yin zaɓe ba, sai a ce zaɓe bai kammalu ba. A da yawan masu rajista ake dubawa. A 2023 aka koma duba yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe. Ko a hakan, wanda ya karɓi katinsa a 2015 ya rasu a 2020 yana nan cikin lissafi. Mutanen Bukkuyum sun ga yadda irin wannan taƙaddama ke tafiya: a Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, ta umarci a sake shi a wasu wurare a Maradun, Birnin Magaji da Bukkuyum, kafin Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a Janairu 2024.

Abin da na'ura ke gani

Rajistar da ake amfani da ita a zaɓukan baya-bayan nan ta samo asali ne daga aikin da INEC ta yi a farkon 2011 ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, lokacin da aka ɗauki hoto da zanen yatsun kowa daga tushe, aka samu sunaye sama da miliyan 73. Bayan an sa kwamfuta ta kwatanta zanen yatsu an cire maimaici da bayanan da ba su cika ba, kundin zaɓen 2015 ya sauko zuwa 68,833,476, duk da sababbin da aka ƙara. Daga nan sai ƙari kawai: 84,004,084 a 2019, sannan adadin 2023.

Tacewar da aka yi a 2022 ta fi ta baya tsauri, domin an haɗa da kwatanta fuska. Cikin mutum 12,298,944 da suka kammala sabuwar rajista tsakanin 2021 da ƙarshen Yulin 2022, an soke 2,780,756, fiye da kashi ɗaya bisa biyar. Da yawa daga ciki mutane ne da suka ɓatar da kati ko suka sauya gari, suka je suka sake rajista maimakon neman sabon kati ko sauyin rumfa. Wasu kuma da gangan aka yi, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar cewa an gano jami'an rajista 23 da hannu a ciki.

Wannan aiki ne babba, kuma ya cancanci yabo. Amma iyakarsa a fili take. Na'ura tana gane cewa yatsa ɗaya ya bayyana sau biyu. Ba ta san mai yatsan ya rasu bara ba, ba ta san ya kwashe iyalinsa ya koma garin Anka ba, ba ta kuma da labarin matar da ba ta taɓa zuwa gabanta ba. Na'urar tantancewa ta BVAS, wadda ake amfani da ita a ranar zaɓe, tana rage yiwuwar wani ya jefa ƙuri'a da sunan mamaci, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta mayar da ma'aunin aringizon ƙuri'a kan yawan waɗanda aka tantance. Ta toshe wata ƙofar maguɗi, amma sunan mamacin yana nan a kundi.

Bayan tacewar na'ura, hanya ta biyu ta auna rajista ita ce kwatanta ta da wasu kundaye na hukuma. A Kenya, kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya yi haka kafin zaɓen 2022, ya gano sunayen mamata 246,465 ta hanyar duba kundin mace-mace. A Nijar, kafin zaɓen 2016, ƙwararrun ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, OIF, sun duba kundin ƙasar, aka cire rumfunan bogi kusan 300 da sunaye kusan 25,000 da aka maimaita. Wannan hanya tana aiki gwargwadon ingancin kundin da aka kwatanta da shi. A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, mutum kan rasu da hantsi a yi masa sutura kafin la'asar, a yi zaman makoki, a raba gado a gaban malami, ba tare da kowa ya je ofishin Hukumar Ƙidaya neman takardar shaidar mutuwa ba. Mutuwar da ba a rubuta ba kwamfuta ba za ta same ta ba. Ƙidayar jama'a ma, wadda da ita ake ƙiyasta yawan waɗanda suka isa zaɓe, rabon da a yi ta tun 2006, lokacin da aka samu mutum sama da 140,000 a Anka da sama da 200,000 a kowacce daga Gummi da Bukkuyum. An ɗage wadda aka shirya a 2023. Duk wani lissafin manyan da ke waɗannan wurare a yau hasashe ne da aka ɗora a kan adadi na da, kafin tashin zinare da kuma kafin rikicin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka.

Hanya ta uku ita ce liƙa sunaye domin jama'a su duba. A Nuwamba 2022 INEC ta baje rajista na mako biyu, makon farko a mazaɓu 8,809, na biyu a ofisoshin ƙananan hukumomi, ta kuma sa ta a intanet. Masu bibiya suka riƙa fito da hotunan yara ƙanana da sunayen da aka maimaita. A ƙarshe aka cire sunaye 53,264 daga cikin sama da miliyan 93. Kada a ɗauki ƙanƙantar wannan adadi a matsayin shaidar tsabtar kundin. Abin da ya auna shi ne yawan waɗanda suka samu lokaci, ilimi da ƙarfin hali suka shigar da ƙorafi. Mutumin ƙauye ba ya tafiyar kilomita da yawa a hanya mai hatsari don ya kai rahoton cewa mahaifinsa ya rasu, ba kuma ya son a san shi da cire sunan ɗan maƙwabci.

Zuwa zaure

Hanyar da ke amsa tambayoyin biyu kai tsaye ita ce binciken ƙafa da ƙafa, kuma tana da fuska biyu. A ta farko, daga takarda ake farawa: a zaɓi sunaye daga rajista a je a nemi masu su. Wannan ke ba da sahihanci. A ta biyu, daga mutane ake farawa: a zaɓi gidaje, a lissafa duk wanda ya cika 18 a ciki, sannan a duba ko sunansa yana kundi. Wannan ke ba da cika. Hukumar Zaɓen Birtaniya tana yin irin wannan bincike lokaci lokaci. Rahotonta kan rajistar Disamba 2022 ya nuna cika kashi 86 da sahihanci kashi 88 cikin ɗari, tare da ƙiyasin cewa mutanen da ba su da rajista daidai za su iya kai miliyan 8. A ƙasar da kowane gida ke da lamba kuma ake rubuta kowace mutuwa ke nan, abin da ke nuna cewa babu rajistar da ke kai ɗari bisa ɗari. Amfanin awon shi ne a san girman gibin da kuma su wane ne ke faɗawa cikinsa.

Ba a bin kowa da kowa. Samfuri ake ɗiba. Mai sayen gero a kasuwar Gummi ba ya zazzage buhu don ya san ingancinsa, hannu yake sa wa ya ɗebo kaɗan. Amma ya san idan daga baki kawai ya ɗiba za a iya cutarsa, shi ya sa yake kai hannu tsakiya da ƙasa. Haka samfurin rajista yake. Dole kowane suna ya kasance yana da damar fitowa, kuma kwamfuta ce za ta canko lambobin, ba mai unguwa ko wakilin jam'iyya ba. Idan aka yi haka, sunaye 1,000 kan ba da amsar da ba ta wuce maki uku sama ko ƙasa da gaskiya ba, sunaye 400 kuma kimanin maki biyar. Da yake bin mutum ɗaya ɗaya a warwatse yana da tsada, akan fara canko rumfuna, sannan a canko sunaye a cikin kowacce. Wannan na rage wahala amma yana faɗaɗa kuskure, domin mutanen rumfa ɗaya halinsu kan yi kama, sai a ƙara yawan samfurin. Kuma samfurin da ya isa a yi magana kan jiha ba lallai ya isa a yi magana kan Anka ita kaɗai ba.

Yankin Anka da Bukkuyum ya taɓa ganin abin da bin gida gida ke tonowa. A 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa dutsen zinare ta afka wa Abare, Dareta, Bagega, Sunke, 'Yargalma da Tungar Guru, ta kashe yara aƙalla 400, babu kundin da ya nuna girman abin. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ne suka fara lura. Sai da masu bincike, tare da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka shiga gidaje 119 a ƙauyuka biyu suna tambayar iyaye, sannan aka san cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Labarin yana bakin iyaye mata tun tuni. Tambaya ce ba a zo an yi ba. Haka batun masu zaɓe yake: limami, mai unguwa da tsofaffin gida sun san wanda ya rasu da wanda ya tashi.

Sai dai aikin yana da sarƙaƙiya a ƙasar Hausa, kuma suna ne farkonta. A rumfa ɗaya ana iya samun Abubakar Muhammad biyar. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takarda, Mamman a bakin abokai, Ɗanjuma a gida. Macen da aka rubuta da sunan yanka wataƙila ko maƙwabtanta ba su san ta da shi ba, saboda alkunya ta sa an saba kiranta da laƙabi. Mai binciken da ya tsaya a ƙofar gari ya kira sunan takarda, aka ce ba a san shi ba, ya rubuta cewa sunan bogi ne, ya yi wa rajista ƙazafi. Hoto, sunan uba da na kaka, da sunan mai gida su ke warware wannan. Adireshi ma haka: abin da ke rubuce sau da yawa sunan unguwa ne ko na ƙauye kawai. Shekaru kuwa, ga wanda ba shi da takardar haihuwa, sai an haɗa da abin da kowa ke tunawa, kamar shekarar da aka kafa Jihar Zamfara, 1996, ko shekarar dalma.

Mata suna buƙatar kulawa ta musamman a tsarin binciken. Aure kan ɗauke mace daga garinsu zuwa wani, rajistarta ta zauna a rumfar gidan ubanta: a can ta zama suna ba mutum, a nan ta zama mutum ba suna. Namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma amsar da mai gida zai bayar a madadin matansa ba kullum take daidai ba. Idan babu mata cikin masu binciken, abin da za a samu game da rabin al'umma ji-ta-ji-ta ne. Akwai kuma waɗanda zamansu ba ɗaya ba ne: masu haƙar zinare da ke bin rami daga wannan daji zuwa wancan, wasunsu baƙi daga wasu jihohi ko ƙasashe maƙwabta, da Fulani makiyaya, da 'yan ci-rani. Kafin a fita dole a yanke abin da ake nufi da mazaunin wuri, kuma a rarrabe amsoshi: wanda ya rasu daban, wanda ya ƙaura daban, wanda ya yi tafiya zai dawo daban, wanda ba a same shi ba bayan an koma sau uku daban. Haɗa su duka a kira su sunayen bogi kuskure ne da ke kunna wutar siyasa a banza.

Mafi nauyin matsalolin ita ce tsaro. Rajistar da ta gabaci zaɓen 2023 ta faro ne ta intanet a ƙarshen Yunin 2021, aka bi da zuwa ofisoshin INEC a Yuli. A Satumba aka katse layukan waya a Zamfara na tsawon makonni saboda farmakin sojoji a kan 'yan bindiga. A farkon Janairu 2022 aka kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200, kuma Ma'aikatar Jin Ƙai ta Tarayya ta ce sama da 10,000 sun rasa matsuguni. Duk wannan ya faru ne ana tsaka da rajista. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a Agustan 2024 ita ma ta raba iyalai da unguwanninsu, wasu da takardunsu. Kowane irin wannan lamari yana taɓa ma'aunan biyu a lokaci guda: sunaye na nan a rumfar da ta zama kufai, mutanen kuma suna garin da ba a rubuta su ba.

A nan ne binciken kansa ke iya ruɗin mai shi. Idan kwamfuta ta canko rumfar da ba ta shiguwa, abu mafi sauƙi shi ne a musanya ta da wata ta bakin titi. Yin haka daidai yake da ɗiban gero daga bakin buhu. Wuraren da aka tsallake su ne inda rajista ta fi lalacewa, don haka sakamakon zai fito da kyau fiye da gaskiya. Hanyar da ta fi adalci ita ce a bi mutanen rumfar zuwa inda suka yi hijira, a makarantu da gidajen 'yan uwa a garin Anka, Gummi ko Bukkuyum, a tambaye su a can. Rumfar da ko hakan ya gagara, a bayyana ta a rahoto da yawan sunayenta a matsayin wadda ba a auna ba. Ran mai bincike ya fi kowane adadi daraja, amma mai karanta rahoto yana da haƙƙin sanin inda ƙafa ba ta taka ba. Kuma tun da a irin wannan yanayi jerin sunaye da inda mutane ke kwana abu ne da ke iya jawo musu cuta, sakamakon da za a wallafa jimilla ce kawai, ba sunan kowa.

Rahoto mai amfani yakan rarraba alƙalumansa: maza da mata, gari da ƙauye, mazauna da 'yan gudun hijira, da rukunin shekaru. Matasa ne aka fi samu a waje a kusan ko'ina, domin kowace rana wani na cika 18 alhali ƙofar rajista lokaci lokaci take buɗewa. INEC ta sake buɗe ta a Agustan 2025. Yaran Abare da Bagega da suka tsira daga gubar dalma, waɗanda ba su kai shekara biyar ba a 2010, suna cika shekarun zaɓe ne tsakanin 2023 da 2028, kuma ta hanyar ware rukuninsu kaɗai za a san ko sun shiga kundi.

Lokacin fita ma yana da tasiri a kan amsa. Ya kamata a yi binciken jim kaɗan bayan an rufe rajistar da ake aunawa, domin kowane wata da ya wuce yana ƙara mamata da masu ƙaura da ba laifin kundin ba ne, kuma a yi shi da sauran lokaci kafin zaɓe yadda za a iya gyara. Da damina hanyoyin ƙauyukan Anka da Bukkuyum kan yanke, mutane kuma suna gona tun asuba. Da rani samari sun watse ci-rani ko sun shiga ramukan zinare. Tsakanin kaka da farkon hunturu, bayan an kai amfanin gona gida kuma kafin a fara tafiye-tafiye, shi ne lokacin da aka fi samun mutanen gida a gida.